Fuskar Motar Babanmu

Mahuta, ranar Litinin

Zuwa ga Baba Nuhu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Ni ce Vivian, 'yar amininka Ebenezer. Na san kunne ya hana ka jin waya yanzu, shi ya sa na rubuto, na ba Sunday mai Keke ya miƙo maka.

Baba, jikin Babanmu sai a hankali, mantuwar kuma ƙaruwa take yi. Likita ya ce in akwai inda yake son gani, mu kai shi tun yana iya zama a mota. Maganarsa kullum ɗaya ce: Kagoro. Yana son ya ga dutsen garinsu da kabarin Mama. Amma ya ƙi shiga motar kowa, ya ce sai tasa.

To tasa tana nan, tsohuwar Fijon nan da ka sani. Yayana Harrison ya sa an tashe ta, inji ras. Ragar gabanta ta roba, wadda bakanikai ke ce wa giril, duk ta koɗe, sai ya cire ta ya fesa mata baƙin fenti na gwangwani a tsakar gida. Gaskiya ta yi kyau. Babanmu ya zagaya motar ya ce, "Wannan mai baƙar fuskar ta wane ne?" Ya koma bakin ƙofa ya zauna, wai yana jiran a kawo masa tasa.

Mun gane kansa ya koma shekarun da Mama ke da rai, lokacin da yake yi wa ragar fenti mai launi. Muna ƙanana a lokacin. Ni ja nake ganinta a mafarki, Harrison ya rantse ruwan ƙwai ce, har faɗa muka yi. Don Allah Baba, wane launi ne?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Vivian

Tudun Wada, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Vivian,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ba ɗan'uwana sauƙi, takardarki ta iso, na karanta har na maimaita.

Ku daina faɗa, ke da wannan mai taurin kan, kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Ruwan goro ne.

Bari in gaya miki mafarinsa. Lokacin ubanku yana aiki a wajen Rido, kusa da matatar mai, ni kuma ina kan kekena na ɗinki. Wata rana da yamma ya faɗo shagona yana haki, ya ce, "Nuhu, yau na ga wata yarinya ta sauko daga bas da ɗankwali ruwan goro, wutar matatar mai tana ci a bayanta, wallahi ɗankwalin ya fi wutar haske." Na ce kai dai yunwa ce ke damunka. Yarinyar nan ita ce Christy, mahaifiyarku. Da ya sayi mota bayan aurensu, ya ce ita ma sai ta ɗaura ɗankwali.

Daga nan duk shekara, da ruwan sama ya ɗauke, sai ya kawo ta ƙarƙashin mangwaron ƙofar shagona. Mu kwance ragar, mu wanke da garin sabulu, mu goge da samfefa mai laushi. A fara fesa farin nan na ƙasa don fenti ya kama roba, sannan mai launin. Ki girgiza gwangwanin sosai har ki ji ƙwallon cikinsa yana ƙara. Kada ki matso kusa, ki ja hannu baya, ki wuce sau ɗaya kamar mai yayyafa wa tufa ruwa kafin guga, ki bari ya sha iska ki sake. Har yau in na rufe ido ina ganin feshin nan yana tashi cikin hasken rana, mahaifiyarku na zaune a benci tana fifita tana mana tsiya.

Ki gaishe shi, ko da ba zai san mai gaisuwar ba.

Naku, Malam Nuhu

Mahuta, ranar Lahadi

Baba Nuhu,

Ina gaisuwa. 

Na yi duk yadda ka ce. Harrison ya samo fentin a kasuwa, muka shimfiɗa tsofaffin jaridu a tsakar gida jiya da hantsi. Ina fara girgiza gwangwani, Babanmu ya ɗago kai daga bakin ƙofa. Baba, rabon da in ga idonsa haka tun bara! Ya taso da sandarsa ya tsaya a kaina, yana shaƙar warin fentin kamar turare, yana murmushi shi kaɗai. Har ya yi 'yar waƙar da Mama ke yi in tana wanki.

Da na gama shafi na ƙarshe, abin ya yi sumul. Sai ya sunkuya ya miƙa hannu zai taɓa. Na yi maza na riƙe hannun na ce, "Baba, kar ka ɓata mana aiki!" Ya dube ni, ya janye, ya koma kujerarsa.

Yau bayan coci muka ɗaura ragar. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce, "Ta yi kama da ita, amma ba ita ba ce." Na shiga ɗaki na yi kuka har na gaji. Abinci ma yanzu kaɗan yake ci. Ina tsoron Kagoro za ta gan shi, shi bai gan ta ba.

'Yarka, Vivian

Tudun Wada, ranar Litinin

'Yata Vivian,

Ina amsa gaisuwa. Kash! Hannun da kika riƙe ai shi ne sauran aikin. Tsufa ya sa na gaya miki komai na bar babban.

Ubanku bai taɓa haƙurin jiran fenti ya bushe ba. Duk shekara, ina juya baya, sai ya danna babban yatsansa a kusurwar ragar ta wajen direba, wai yana dubawa. Shatin yatsan ya zauna ɗaram. In yi ta masifa, ya ce, "Nuhu, bai bushe ba," kamar wani sabon labari ya kawo mini, Christy ta yi ta dariya har da hawaye. Daga baya ya zama duk safiya sai ya shafa gurbin nan kafin ya buɗe ƙofar mota. Da hannu ya san motarsa, 'yata. Ki sake fesawa, in ya miƙa hannu ki kau da kai.

Na san kina mamakin rashin zuwana, ga Mahuta ga Tudun Wada. Zuwan da na yi na ƙarshe, ya dube ni ya ce, "Malam, wa kake nema?" Na dawo gida ban iya cin tuwo ba. Zuciyata ba za ta ɗauki jin wannan kuma ba, ki yafe wa tsoho.

Allah ya sa a dace.
Malam Nuhu

Mahuta, ranar Alhamis

Baba Nuhu,

Gaisuwa da godiya. Na sake fesawa, Babanmu ya taso, na kau da kai. Ya danna yatsansa a daidai kusurwar da ka faɗa, ya duba yatsan, ya ce, "Bai bushe ba." Sai ya waiwaya hagu da dama yana jiran a yi masa faɗa.

Yau da safe ya shafa gurbin, ya buɗe ƙofa da kansa, ya shiga baya ya zauna. Harrison ya ce ya dawo gaba ya fi daɗi. Babanmu ya ce a'a, gaba wurin Nuhu ne, ina yake, kullum shi ke sa mu makara.

Gobe da safe za mu biyo ta ƙarƙashin mangwaro. Ka shirya, Baba, ka zo da masifarka.

'Yarka, Vivian