Ramin da Na Cike a Kwamfuta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a tsaye.

Yaya, na yi ɓarna, na rasa inda zan sa kaina. Ka tuna benen Kawu da na yi wa lissafi bara? Ginshiƙin tsakiyar falonsa yana da bututun ruwan sama da ya bi ta cikinsa. Manhajar da muke lissafi da ita a ofis tana jan ƙafa idan siffar ginshiƙi tana da rami ko lungu, shi ya sa muka saba sauƙaƙa mata, mu ba ta murabba'i kawai. Kai ka koya mini haka, amma ka ce in riƙa cire faɗin ramin tukuna. Wannan rabin karatun na manta. Na cike ramin da kankaren da babu shi, manhaja ta nuna kore, alamar komai daidai, na sa hannu ina jin kaina. Mai aikin famfo kuma ya ƙara da nasa, ya sa bututun da ya fi na zane kauri, wai don kada ya toshe.

Makon jiya na je gaishe su, sai na ga tsaga a jikin ginshiƙin, siririya kamar zare, daga sama har daidai ƙirjina. Na koma ofis na shigar da siffar yadda take, da raminta. Ja ta nuna, Yaya. Sau uku ina sakewa.

Na roƙi Kawu su koma ɗakunan baya, a tokare benen da ƙarafa kafin a gyara. Dariya ya yi, ya ce fenti ne ya tsage. Ya ce ba wanda zai kushe aikin 'yarsa, bayan ya gama gaya wa unguwa cewa injiniyar gidansu ce ta zana. Na ce ai ni ce injiniyar, kuma ni ke cewa na yi kuskure. Ya ce tawali'u ne ya yi mini yawa. Jiya ya kira mai fenti ya shafe wurin, yanzu ko tana ƙaruwa ba ni da hanyar sani. Wallahi tsoro nake ji, na kuma ƙare dabara.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka kira shi, ka ɗora mini laifin duka, ai nawa ne. Inna da Auta suna gaishe ka, a gaida Anti da yara. Don Allah kada ka ce sai ka samu sarari. Gwaggo, matar Kawu, a gindin ginshiƙin nan take shimfiɗa dardumarta, da shi take jingina in ta idar da salla.

Ƙanwarka,
wadda kuke kira Injiniyar gida