Wanzami Aski Kawai Zai Yi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya Legas?

Shagon Sabon Gari da gidan Samaru, duk ni na yi abina, ba taimakon kowa. Amma surukata ta gagare ni. Hoton ciki ya nuna mace matata Hajara za ta haifa, har tsohuwar ta yi wa wanzami maganar yankan angurya.

Jiya Hajara ta dawo daga awo ta ce, "Inna, aski kawai zai yi. Ba mai yanka min 'ya." Can tsohuwar ta ce, "To, 'yarku ce." Sai hankalina ya kwanta.

Ki yi wa Hajara addu'ar sauka lafiya, ki gaida kowa. Dangi kuma su riƙe sunana: a gidan Sani aka fara dainawa.

Ƙaninki,
Sani