Littafin Rukayya, Ni Na Naɗe Nama da Shi

Zuwa ga Shugaban ƙaramar sakandaren da ɗiyata Rukayya ke aji biyu, a nan Talata Mafara.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya fama da 'ya'yanmu? Allah ya ba da lada. Ni mahauci ne. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ma malamai suka fi ni murnar rabuwarmu, saboda haka a yi haƙuri da rubutun. Sau biyu na zo, maigadi na cewa kuna taro. Tunda kuma a bainar jama'a aka kunyata yarinyar, gara ni ma in sha tawa a nan.

Na farko. Malamarsu ta Hausa ta sa kowa ya rubuta ɗan littafin labari da zane, wanda za su je su karanta wa 'yan aji ɗaya na firamare ran Alhamis mai zuwa. Mako uku Rukayya na fama. Ta ɗinke shi da zare, ta manna zanen da ƙaro, sai ta tura shi ƙarƙashin tulin tsofaffin takardu don ya danne ya miƙe. To a gidanmu, wannan tulin nawa ne. Duk littafin da ya cika nan ake jefa shi, ran kasuwa in kwasa in naɗe wa mutane balangu. Wata Talata na kwasa duka. Na ga zane, na ga kala, har na ce a raina yau nama ya samu riga mai kyau.

Na biyu. Da Malama ta tambaya, Rukayya ta ce ya ɓata, ba ta ƙara ko kalma ba. Malama ta kira ta maƙaryaciya a gaban aji, ta sa ta durƙusa har aka tashi, ta cire sunanta daga masu zuwa karatun. Yarinyar nan ta san wanda ya kwashi tulin. Kwana bakwai tana kawo mini tuwo, tana gaishe ni, ba ta ce uffan ba.

Na uku. Yadda na gane, wani dillalin shanu daga Maradun ya dawo Talatar da ta biyo, ya miƙo mini takarda duk maiƙo. Ya ce, Sarkin yanka, yarana sun hana ni sakat, ɗan akuyan nan da ya tsere daga mahauci, ya kai gida ko an kama shi? A ba ni ragowar, ko babu nama. Na duba, sai ga rubutun ɗiyata. Ga kuma zanen mahaucin, da tumbi da hula a karkace. Ban tambayi ko wane ne ba. Na bi sawu na samo shafi uku cikin sha biyu. Ɗaya sai da na hau kabukabu har Bakura. Sauran suna inda Allah ya kai su.

Kukana, ranka ya daɗe, shi ne: laifi nawa, hukunci nata. Da an aiko a kira uba kafin a kira ɗiya maƙaryaciya, da tuni an kama ɓarawon, don ba shi da wuyar kamu. Ga ƙanwarta Hauwa'u a wannan aji ɗayan, ta riga ta gaya wa kowa cewa yayarta na zuwa da labarin akuya.

Roƙona: a mayar da sunanta. Ta ce labarin na kanta duka, na kuma sayo mata sabon littafi, ta fara tun jiya. A gaya wa iyaye irina idan an ba yara irin wannan aiki, don ba kowa ya san yaro na rubuta abin da ba na jarrabawa ba. Kalmar nan kuma Malama ta janye ta a gaban ajin da ta faɗe ta. In kuwa dole sai wani ya durƙusa a wurin, a sa mini rana in zo da gwiwoyina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka wa Malama da alheri a kan koya musu abin da mu ba mu samu ba, ya ba 'ya'yanmu iyayen da ke duba takarda kafin su yaga.

Wassalam.

Mahaifin Rukayya,
Layin mahauta, Talata Mafara.