Ashe Supernumerary Ba Yabo Ba Ne

Jega, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Shekaranjiya jami'in da ya zo duba mu malaman gona ya nuna ni ya ce, "Wannan supernumerary ne." Da na ji "supa" a ciki sai na ɗauka yabo ne. Na gaya wa matata Hajo, har ta sa aka yanka zakara.

Yau na je Maiyama wurin Yaya Sani, tunda shi ke koyar da Turanci. Yana jin kalmar ya aje kofin shayinsa.

"Kai, Umaru, wa yac ce ma hakanga? Asalinta Latin ta. Super, bisa, numerus, ƙidaya. Wanda ya haura adadin da ake buƙata. Rara ke nan."

Tun da aka raba jiharmu da Sakkwato aka turo mu gida, mun fi kujerun ofis yawa. Kuma na sha gani a Aliero, in za a ɗinke buhu, albasar da ta haura baki hannu ake sa a share ta ƙasa.

Allah ka rufa mani asiri. Ga yara sun kama kirana Baba Supa, na kasa ce musu su bari.