Rasuwar Mista Callistus Nwadike, Sufeton da Ya Ƙi Sa Hannu

Wutar lantarki ta kashe mana Mista Callistus Nwadike shekaranjiya Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, a cikin silin wani gidan haya da ke Palladan.

Cikin alhini mai nauyi, da ɗacin rai wanda ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Masu Haɗa Wayar Lantarki ta Samaru da Sabon Gari, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Kwamared Olamide Ajibola, tare da Majalisar Dattawa da ɗaukacin mambobinta, Kirista da Musulmi, take sanar da iyalai, abokan sana'a, shugabannin addini, masu unguwanni da jama'ar Zariya baki ɗaya rasuwar Babban Sufetonta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, kuma dattijo a Kwamitin Amintattu. Ya rasu yana da shekara sittin da shida. Ya bar matarsa, Madam Ugomma Nwadike, da 'ya'ya uku, Ebele, Tochi da Kachi, da jikoki biyar.

Marigayin ya zo Sabon Gari a 1979, ya koyi sana'a a wani shagon kayan wuta a unguwar PZ, kuma bai sake barin garin nan ba sai dai ziyarar Kirsimeti. Lokacin da aka kafa ƙungiyar nan a 1994, shi ne ya dage cewa kada wani mamba ya miƙa wa mai gida aiki sai wani mamba dabam ya zo ya gwada, ya cike takarda, ya buga hatimin ƙungiya. A 2006 muka ɗora masa wannan aikin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin sa ya san tsarinsa. Yana isa gida zai fara zare fiyus ɗin mita, ya zuba su a aljihun rigarsa, don kada wani ya mayar da su yana cikin aiki. Zai buɗe soket ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da na'ura. Zai sa a tona masa inda aka ce an binne ƙarfen wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa don kada ta kama mutum, ya ga ƙarfen da idonsa, ya ga gawayi da gishirin da aka zuba masa, domin sau da yawa ya tarar da koriyar waya an cusa ta cikin ƙasa taƙi ɗaya kawai, babu komai a ƙarshenta. Daga nan sai ya kafa tsani ya shiga silin da tocila a baki, ko da kwano ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Idan mai gida ya fara zagayawa da shi yana nuna masa tayil da fitilu masu ado, sai ya ce, "Oga, fenti kake nuna min. Ni waya na zo gani."

Masu gidajen haya na Samaru ba su ƙaunace shi ba, kuma ba za mu yi ƙarya a kan gawa mu ce sun ƙaunace shi ba. Su ne suka laƙaba masa suna Baba Ban-sa-hannu. Yana wucewa a kan tsohon babur ɗinsa ana kiran sunan daga shagunan siminti ana dariya, shi kuwa ya ɗaga hannu ya amsa. Mu da muke cikin sana'a mun san wani gefen nasa. Da ya lura cewa da yawa daga cikinmu muna haɗa waya da ƙwarewar hannu amma ba ma iya karanta abin da na'ura ta nuna, sai ya kwashi mutum bakwai ya kai mu makarantar yamma ta manya a Samaru, ciki har da mai sa hannu a wannan takarda, wanda a lokacin ya haura arba'in kuma bai iya rubuta sunansa ba. Shekara biyu yana tsayawa a ƙofar aji yana ƙirga kawunanmu.

Da mun so mu tsaya a nan, mu yi addu'a, mu rufe takarda kamar yadda aka saba. Amma tun kafin gawarsa ta huce magana ta fara yawo a PZ da bakin kasuwar Samaru cewa tsufa ya kama shi, ya manta bai kashe wuta ba. Wasu ma sun ƙara da cewa ya ɗan sha wani abu da safen. Wannan maganar ta isa kunnen matarsa a gaban masu zaman makoki. Saboda haka ya zama dole ƙungiya ta faɗi abin da ya faru, daki-daki, ko da zai taɓa mu.

A watan Janairu aka kira marigayin ya gwada wannan gida na Palladan mai ɗakuna goma sha biyu, kafin a zuba 'yan haya. Ya tarar babu wayar ƙasa ko ɗaya, ya tarar da siririyar wayar fitila an ja ta zuwa soket ɗin da za a jona rishon lantarki, ya tarar da mahaɗai an naɗe su da ledar burodi. Da ya nemi shiga silin ɓangaren baya, aka ce masa makullin ɗakin da ke da ƙofar silin yana hannun wanda ya yi tafiya. Ya rubuta abin da ya gani, ya ƙi sa hannu, ya ce a kira shi idan an gyara kuma makulli ya dawo. Ba a kira shi ba. Mai gidan, wanda ba za mu ambaci sunansa ba tunda magana tana hannun hukuma, ya ɗauki sabuwar takarda ya kai wa wani mamba na wannan ƙungiya. Mamban ya ɗora ta a kan tankin babur ɗinsa a bakin titin PZ, ya cike, ya sa hannu, ya buga hatiminmu, ƙafarsa ba ta taka Palladan ba. Da wannan takarda aka nuna wa 'yan haya cewa an gwada gida, suka kwaso kayansu da 'ya'yansu suka shiga.

Makon jiya wata mai haya a gidan, Malama Rhoda, malamar firamare, ta ga duk lokacin da ta taɓa ƙofar ɗakinta ta ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu sai wuta ta fizge ta. Ta gaya wa mai kula da gidan, ya ce mata ta riƙa sa silifa. Sai ta nemi marigayin, domin cocinsu ɗaya. Gidan da aka rufe masa ƙofa ne, ba wanda zai ga laifinsa da ya ƙi zuwa. Abin da ya tambaye ta kawai shi ne ko akwai yara a gidan, ta ce goma sha ɗaya, ya ce ta jira shi ranar Talata.

Ya zo babu wuta a unguwar. Duk da haka ya zare fiyus uku na mita ya sa a aljihu, ya gwada wayoyin ɗakin da na'ura a gaban Malama Rhoda, ba ta nuna komai ba, sannan ya hau silin. Abin da bai sani ba, kuma ba yadda za a yi ya sani daga ƙasa, shi ne akwai wata waya ta dabam da aka jawo daga falwayar layin baya, wanda ke kan wata tiransifoma, aka shigo da ita ta ƙarƙashin kwano aka haɗe ta da wayoyin gida, ba ta bi ta mita ba, ba ta bi ta fiyus ba, ba ta da makunni. An yi haka ne don a riƙa gaya wa masu neman ɗaki cewa gidan nan layin wuta biyu gare shi, in an ɗauke a gaba akwai ta baya. Malama Rhoda ta shaida wa ƙungiya cewa tana riƙe da tsani ta ji yaran layin baya sun ɗauki ihun an kawo wuta, ba ta kawo komai a ranta ba tunda ba layinsu ba ne. Sai ta ji ƙara a sama, tocila ta faɗo ta ramin silin. Maƙwabta ne suka fasa silin, wani ya ture wayar da busasshiyar taɓarya, aka sauko da shi.

Ni mai sa hannu a wannan takarda, labarin ya same ni ne a asibitin Shika, ina rungume da jikar da aka haifa min da safen nan, ina bin lambobin waya ɗaya bayan ɗaya ina yi wa mutane albishir. Ban kai ga lambar marigayin ba aka shigo da shi ta ɗaya ƙofar. Ina tsaye aka zazzage aljihunsa, aka miƙa wa Madam Ugomma kayan a cikin leda: tabarau, carbinsa na Katolika, da fiyus uku. Masu cewa ya manta su je su tambaye ta, za ta nuna musu.

Mai gida yana da nasa laifin, kuma zai amsa shi a inda ya dace. Amma hatimin da ke kan takardar nan namu ne. Mun daɗe da sanin cewa ana sa hannu a kan babur da teburin mai shayi. Marigayin ya kawo ƙorafin a taronmu fiye da sau ɗaya, muka ce masa a bi a hankali, mutumin nan ɗan'uwa ne, yana da iyali. Majalisar Dattawa ta zauna jiya, ta karɓe hatimi daga hannun wannan mamba, ta cire sunansa daga rajista, ta miƙa kwafin takardar ga 'yan sanda. Mun binciko wasu gidaje goma sha tara a Samaru, Palladan da Sabon Gari masu ɗauke da sa hannunsa. A yau mutane suna kwana a cikinsu. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu shiga silin kowanne, kuma duk mai gidan da ya ce makulli ya yi tafiya, za mu tara 'yan hayarsa mu gaya musu haka a tsakar gida.

Maman Ebele, ƙungiya tana miƙa miki ta'aziyya da kai a sunkuye. Shekara arba'in kina wanke rigunan da ƙurar silin ta baƙanta, kina jiran sa ya dawo, kuma kullum yana dawowa. Ba mu da kalmar da za ta kai nauyin abin da aka yi miki, kuma ba za mu ce ki yafe mana a wannan makon ba. Mijinki bai yi sakaci ba. Ubangiji Allah ya ta'azantar da ke, ya ba ki ƙarfin jimrewa, ya riƙe Ebele, Tochi da Kachi da 'ya'yansu, ya zama uba a gidan da aka raba da uba. Muna kuma miƙa ta'aziyya ga Shugaba da mambobin ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Zariya, da Rabaran Fada da jama'ar cocinsa na Sabon Gari, da Malama Rhoda wadda har yanzu take ganin kamar kiran da ta yi ne ya jawo. Ba ke ba ce, Malama. Allah ya karɓi ran bawansa Callistus, ya ba shi hutu madawwami. Iyali za su sanar da ranar addu'ar Mas a coci da jana'iza idan ɗansa Tochi ya iso.

Abu na ƙarshe. Jiya da rana an turo kafinta da wani mai gyaran wuta wanda ba namu ba, da sabon allon silin da fenti, don a cire wayar a rufe ramin. Matan gidan ne suka zauna a bakin ƙofa suka hana su shiga. Hukuma ta yanke wayar daga kan falwaya, ta kuma amince a bar sauran yadda yake har zuwa yammacin Asabar, sannan ta kwashe a matsayin shaida. Bayan haka ba abin da zai rage sai bakin mutane, kuma mun riga mun ji abin da bakin mutane yake faɗi.

Don haka ƙungiya tana gayyatar kowa da kowa jibi Asabar, 18 ga Mayu, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Mambobinmu za su tsaya a bakin titin Palladan sanye da rigar ƙungiya su nuna hanya. Za mu yaye kwano biyu don haske ya shiga, mu kafa tsani mai ƙarfi, a riƙe wa tsofaffi da mata. Masu gidaje su zo, 'yan haya su zo, ɗaliban da ke neman ɗaki mai layi biyu su zo. Waɗanda suka ce tsoho ya manta, su muka fi so mu gani. Kowa ya hau da ƙafarsa, ya leƙa ya gani.

Sa hannu:
Dattijo Shekari Bature Yohanna
Kakakin Ƙungiyar Masu Haɗa Wayar Lantarki ta Samaru da Sabon Gari
A madadin Shugaba da Majalisar Dattawa
Alhamis, 16 ga Mayu, 2024