Ka Mayar wa Mahfuza da Labarinta

Abu Hail, Dubai

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ciwon ƙafa. Ni ma lafiya lau, sai zafi da aikin ofishin aika kaya a unguwar Deira da ba ya ƙarewa.

Maharazu, raina a ɓace yake. 'Yata Mahfuza ta kira ni tana kuka. Ta ce labarin da ta sha wuyar rubutawa, wanda ka karɓa za ka yi fim da shi, ranar ɗauka ka ajiye shi gefe. Wai ka ce jarumin barkwancinka ya tsaya gaban kyamara ya yi ta zuba duk abin da ya zo bakinsa, yadda kuka saba. Da ta yi magana sai ka tura mata wani tsohon fim ɗin Amurka, baƙi da fari, wai mutane jarumi suke zuwa kallo, ba labari ba.

To, ta turo mini fim ɗin, na kalle shi tare da matan ɗakinmu. Ba zan ci haƙƙin mutumin ba, ya iya. Yadda yake faɗowa daga tsani ya miƙe yana gyara hula, har wata 'yar Indiya da ba ta da fara'a sai da ta riƙe ciki. Amma ko makaho ya san an tsara kowace faɗuwa, ba shirme ya zo ya yi ba. Duk da haka fim ɗin gurgu ne. Da jarumin ya fita, sai kowacce ta koma kan wayarta. Matar cikin fim ɗin ba ta da aiki sai zare ido da suma. Da aka gama na tambaye su me ya faru, babu wadda ta iya faɗa. A kan wannan za ka wulaƙanta yarinya?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ta ce ta bar rubutu, tunda kawunta ma bai ga amfaninsa ba. Ko dai ka ɗauki abin da ta rubuta, ko ka kai mata takardunta har gida, ka ba ta haƙuri a gaban Inna. Idan ta ajiye alƙalami saboda kai, wallahi ba zan yafe maka ba.

Ka gaida Inna, da matarka Khairunnisa, da Baffa Abdulganiyyu. Jarumin naka kuwa, ban gaishe shi ba.

Yayarka,
Sauda