Shirun Ayuba a Bakin Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Laraba,

Gaisuwa mai yawa da ban girma cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina hutawa lafiya a wurin da kika riga mu zuwa. Bayan haka, dalilin rubuto miki shi ne surukinki Ayuba. Ranar Lahadi dattawan ikilisiya za su zauna a kansa, kuma ni suka ce in zo in ba da shaida. Idan suka sa shi horo, za a hana shi cin Jibin Ubangiji tare da sauran masu bi. Mama, hankalina a tashe yake.

Kin san mu ba mu da yawa a Goronyo. Malaman makaranta ne, da mu 'yan asibiti, da ma'aikatan dam irin su Ayuba. In mutum ɗaya ya faɗi, kowa sai ya ji a jikinsa.

Ba ki da rai lokacin da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu Saratu. Tun daga ranar bakin Ayuba ya mutu. Mutumin da kike tsokana cewa addu'arsa kan sa tuwo ya huce, ya koma ko amin ba ya iya faɗa.

Ana cikin haka aka tura shi kwas na noman rani a Indiya. A can ya haɗu da wani tsohon fada na cocin Katolika, ya koya masa zama shiru: a rufe ido, a daidaita numfashi, a riƙa maimaita sunan Yesu a zuci har tunani ya kwanta. Da ya dawo, kullum kafin ya buɗe wa masu albasa ruwa sai ya zauna a bakin kanal, magudanar ruwan dam, kamar an dasa shi.

Inna Hajo, maƙwabciyarmu mai sayar da fura, ita ta fara tare ni da murnarta. “Ke Malama, mi mijinki shika yi bakin ruwa? In wuridi na, Allah shi ida nufi.” Na yi dariya kawai. Kafin in ankara zance ya kai 'yan'uwa na Wurno da Rabah, wai Ayuba ya kusa musulunta.

Dattijo Bitrus bai yarda da wannan ba, amma nasa ya fi tsorata ni. Ya ce zaman masu bautar gumaka ne na can gabas, aka ɗora masa sunan Yesu. Ya ce addu'a magana ce tsakanin ɗa da Ubansa, kuma wanda ya kore tunaninsa ya bar zuciya wayam bai san wa zai shigo ba. Ki gafarce ni, Mama, na so in ji haushin tsohon nan na kasa, don abin da kika koya mana ke nan. Ke ce mai cewa, “Buɗe baki, Rifkatu, Allah ba ya son ƙunƙuni.”

To me zan gaya musu? Gaskiya ce ya daina bi da mu addu'ar safe. Gaskiya ce kuma ya koma cin abinci, har makon jiya na ji dariyarsa a tsakar gida. Da na matsa masa ya faɗa mini abin da yake ji a shirun nan, sai ya ce ba ya jin komai, amma nan ne kaɗai ba ya yi wa Allah faɗa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Yau da safe na durƙusa in kai kukan nan gaban Ubangiji. Na ce “Ya Yesu,” sai magana ta ƙare mini. Na daɗe a haka, ba roƙo ba godiya, har rana ta shigo ɗaki. Na tashi ban san ko addu'a na yi ko abin da za a hukunta mijina a kai ba.

Mamana, da kina nan da na sa kaina a cinyarki kin raba mini gardama. Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya riƙe mana Saratu kusa da ke. Ya ba dattawa hikima, kada su tsinke mutumin da zare ɗaya ya rage masa. In kuwa ɓata muke yi, ya komo da mu, mu biyun.

Taki har kullum,
Rifkatu